Mataki ko Ƙarfen Kariya: Nazari kan Abin da Ake Ɗaura wa Gefen Motocin Hilux a Gombe

Tsakure

Maƙalar ta duba ƙarafa iri biyu da ake ɗaura wa motocin a-kori-kura masu shiga daji a ƙarƙashin ƙofofinsu. Na farko mataki ne da mutum ke takawa ya shiga mota. Na biyu ƙarfen kariya ne da aka yi domin ya ɗauki nauyin motar idan gefenta ya daki ƙasa ko dutse. An auna su da yanayin ƙasar Gombe, da ma'aunan motar Hilux, da lissafin ƙarfi mai sauƙi. Nazarin ya nuna cewa ingancin ƙarfen yana rataye ne a kan inda aka kafa shi a jikin mota da yadda aka kafa shi, fiye da kaurin bututun da ido ke gani, kuma hanyar da mota ke bi da mutanen da take ɗauka su ya kamata su yanke hukuncin zaɓi.

Gabatarwa

Duk wanda ya tsaya bakin titi a Jekadafari ko Tumfure da hantsi zai ga Hilux iri-iri suna wucewa: ta ma'aikatar gwamnati, ta 'yan sanda, ta ɗan kwangila, ta ƙungiyoyin agaji, ta babban manomi. Tun da aka ƙirƙiro jihar daga tsohuwar Bauchi a ranar 1 ga Oktoban 1996, aikin da ke kai ma'aikata ƙananan hukumomi 11 ya ƙaru, wannan mota kuma ta zama abin hawansa. Kusan kowace tana da wani ƙarfe miƙe tsakanin tayar gaba da ta baya.

A zamanin Peugeot 404 da 504 da ake harhaɗawa a Kaduna, babu mai tunanin mataki, domin a-kori-kurar lokacin ba ta da tsayin da zai wahalar da mai shiga. Hilux, wadda Toyota ta fara fitarwa a 1968, ta yi ta ƙara tsayi da girma, har ta kai dattijo mai babbar riga ko mace mai ɗaure da zane sai sun nemi wurin sa ƙafa. Buƙatar mataki ta gaskiya ce. Matsalar tana farawa ne inda mai mota ya ɗauka cewa abin da ya ɗauki ƙafarsa zai iya ɗaukar motarsa.

Ƙasar da motar ke takawa

Ƙarfen kariya irin na zamani ya bunƙasa ne a wuraren da ake hawa duwatsu da mota don nishaɗi, kamar hanyar Rubicon a Kalifoniya da yankin Moab a Yuta ta ƙasar Amurka, da kuma dajin Ostireliya, inda kamfanin ARB ya fara ƙera irin waɗannan kaya a 1975. A can abokin gaba dutse ne tsirara. A jihar Gombe kuwa ƙasar ba iri ɗaya ba ce.

A yamma da arewa maso yamma, wajen Akko da Dukku, rairayi ne mai zurfi. Mota tana nutsewa, amma ba ta cika dukan abu mai tauri ba. A kwarin Gongola da wasu sassan gabas akwai baƙar laka, ƙasar da ta yi wa Gombe suna a noman auduga. Da rani ta dare, da damina ta riƙe taya ta cika duk wani lungu na ƙarƙashin mota. Sai kudu, tuddan Tula da Kaltungo da Shongom da Balanga, inda ake samun hawa da gangara da duwatsu a kan hanya. Nan ne kaɗai yanayin ya yi kama da wanda aka ƙera ƙarfen kariya dominsa.

Amma abin da ya fi cin gefen mota a cikin birnin kansa shi ne aikin ruwa. Gombe tana zaune a gangare, ruwan sama yana sauko mata daga tudun Akko da gudu a kan ƙasa mai saurin zaizayewa. Kwazazzaban garin sun kai girman da sai da shirye-shiryen NEWMAP da ACReSAL, masu samun tallafin Bankin Duniya, suka shigo aikin toshe su, ciki har da na Jami'ar Jihar Gombe da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya. Ƙananan 'yan'uwansu suna nan a unguwannin da kwalta ba ta kai ba: kan kwalbati da ruwa ya kwashe ƙasar gefensa ya bar siminti tsaye, bakin kwalta da ya yanke kamar an sa wuƙa, ramin da tifar yashi ta haƙa ta bar tudu a tsakiya. Shirin Network 11-100 na gwamnatin Muhammadu Inuwa Yahaya, mai burin kilomita 100 na hanya a kowace ƙaramar hukuma, ya rage wahalar zuwa garuruwa da dama, sai dai aikin rigakafi da na gona da na haƙa rijiyar burtsatse yakan fara ne daga inda kwalta ta ƙare.

Ga yadda ɓarnar ke faruwa. Direba ya iso bakin wani ƙaramin kwari, ya sa giya ta ɗaya, tayar gaba ta sauka a hankali. A wannan daƙiƙa tayar baya tana sama, ta gaba tana ƙasa, leɓen kwarin kuma yana daidai ƙarƙashin ƙofa. Sai a ji ƙara. Idan mataki ne mara ƙarfi, ƙafafunsa su lanƙwashe sama, ya tura kansa cikin bodin da ke ƙasan ƙofa. Direba ya fita ya duba, ya ga ƙofar baya ta ƙi rufuwa daidai. Matakin da aka sa don ado da sauƙin shiga shi ya kai motar wurin fanal bita, alhali da babu shi ma wataƙila ta wuce ba ta taɓa ba.

Lissafi

Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya a Hilux mai ƙofa huɗu, samfurin da ya fito daga 2015, milimita 3,085 ce. Land Cruiser 79 ta ɗan fi ta, da milimita 3,180. Tsawon nan shi ke sa tsakiyar mota saurin taɓa tudu. A ƙiyasi mai sauƙi, idan abin da ya fi kusa da ƙasa a tsakiyar Hilux yana da tsayin santimita 30, za ta haye tudun da kusurwarsa ta kai kimanin digiri 22. A rage santimita 5 kacal, kusurwar ta koma wajen digiri 18. Matakin da aka sauko da shi ƙasa don ya yi daɗin takawa, da wannan kusurwa ake biyan kuɗinsa.

Sai batun nauyi. Mutum mai kilo 80 da ya taka mataki, nauyin da aka yi matakin dominsa ke nan, ko ninkinsa biyu zuwa uku. Hilux mai jan taya huɗu kuwa tana kai tan 2 ba kaya, da lodi ta doshi tan 3. Idan ta zauna a gefe guda, tan 1 zai iya sauka a kan wuri ɗaya na ƙarfen, fiye da ninki 12 na nauyin mutumin, kuma daga ƙasa zuwa sama, akasin inda aka tsara mataki ya jure. Wannan kafin a lissafa girgizar faɗowa.

Ƙarfen yana nesa da shasi da kimanin santimita 30, don haka ƙafar da ta haɗa su tana aiki kamar dogon sifana: gwargwadon tsawonta, gwargwadon murɗar da ke sauka a gindinta. Bututu mai faɗin milimita 44 da kaurin bango milimita 3, ma'aunin da masu ƙera waɗannan kaya suka fi amfani da shi a waje, idan na ƙarfe ne gama-gari, ƙafa ɗaya tasa ba za ta jure murɗar tan 1 a wannan nisa ba. Shi ya sa ƙarfen kariya na ƙwarai ke da ƙafa uku ko huɗu a kowane gefe, kowace da ɗan faifan ƙarfe mai kusurwa uku da ya tallafe gindinta, kuma duka suna kafe a shasi. Mataki da yawa a bodi ake ɗaure su, ko a kan siraran maƙalai. Leƙawa ɗaya a ƙarƙashin mota ta isa a bambanta su.

A rumfar mai walda

Kayan waje suna da tsada, faɗuwar darajar naira tun 2023 kuma ta ƙara nisanta su, saboda haka mai mota a Gombe yakan nufi mai walda. Wannan ba aibi ba ne. Mai waldar da ya iya ƙera bodin tifa ko garmar tarakta yana da hannun da zai yi wannan aiki. Inda gizo ke saƙar shi ne kayan da ke jingine a bangon rumfarsa. Mafi yawansu bututun ƙofa da taga ne, mai kaurin milimita 1 zuwa 1.5. Idan aka goge shi aka fesa baƙin fenti, daga nesa ba a raba shi da na milimita 3, amma juriyarsa ga lanƙwasa kusan rabi ce kawai, ko ƙasa da haka. Mai mota ya nemi a nuna masa bakin bututun kafin a toshe shi. Bututun ruwa mai farin rufi shi ma ana ɗauka saboda ba ya saurin tsatsa, sai dai hayaƙin da rufin ke fitarwa lokacin walda yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, kuma yaron shago ne ya fi shaƙarsa.

Babbar muhawara ita ce a yi wa shasi walda kai tsaye ko a ɗaure da kusoshi masu noti. Walda ta fi sauri da arha, mai walda yakan ce, “Alhaji, a bar ni in kama shi da wuta, har motar ta mutu ba zai motsa ba.” Gaskiya ne ba zai motsa ba, amma zafin wuta yana sauya ƙarfen shasi a kewayen waldar, kuma a irin wannan wuri tsagewa ke farawa bayan shekaru na girgizar hanyar burji. Ga bututun birki da na mai da wayoyin lantarki suna bin jikin shasin, ga tankin mai mai lita 80 a kusa. A ra'ayin wannan maƙala, ɗauri ya fi: a yi faifai biyu masu kauri su rungumi shasin, a bi ramukan da kamfani ya riga ya huda, a sa kusoshi masu lambar ƙarfi 8.8 ko sama da haka. Idan ƙarfen ya lanƙwashe wata rana, a kwance shi a gyara. In kuwa walda ta zama dole, a cire kan batir tukuna, a yi ta a kan faffaɗan faifai a gefen shasin, a nisanci leɓensa na sama da na ƙasa.

Akwai kuskuren da tsafta ke jawowa. Mai walda yana son aikinsa ya manne da bodi don ya yi kyau. Amma bodin Hilux a kan robobi yake zaune, shi da shasi kowa da motsinsa. Ƙarfen da ya manne zai yi ta bugun bodi a kowane gargada. Sai an bar tazarar da yatsa zai shiga.

Nauyi ma abin lissafi ne. Bututun milimita 44 yana da kilo 3 a kowace mita, kuma idan aka haɗa dogaye da ƙafafu da faifai na gefe biyu, ana doshin nauyin buhun simintin Ashaka. Daga lodin mota ake cire wannan, kullum, ko an shiga daji ko ba a shiga ba. Alminiyum kimanin kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe, kuma ba ya tsatsa, amma injin walda na yau da kullum ba ya kama shi. Idan ya tsage a Talasse ko Nafada, sai an dawo da shi birni.

Wa ke hawa, ina za a je

Motar da aikinta ya tsaya tsakanin Gombe da Bauchi ko Dadin Kowa a kan kwalta, tana ɗaukar manyan mutane, matakin kamfani ya ishe ta. Ƙara mata ƙarfe mai nauyi asarar mai ce. Motar da ke kai ma'aikatan lafiya ƙauyukan Tula ko Shongom da damina tana buƙatar abu biyu lokaci guda, domin mata ne da yawa cikin masu hawanta kuma hanyar tana da dutse. Abin da ya dace da ita ƙarfen kariya ne da aka ɗan karkata sama, aka shimfiɗa masa faifai mai ƙurajen hana santsi. A yankin baƙar laka a huda faifan ko a bar shi tsaga-tsaga, don shimfiɗaɗɗen faifai yana tara taɓo, taɓon ya riƙe danshi, danshin ya haifi tsatsa. A rairayin Dukku kuwa tsayin mota ya fi komai, cire matakin gaba ɗaya ma zaɓi ne mai hankali.

Akwai wani amfani da masu ƙera mataki a Japan ko Tailan ba su tsara ba: jami'an tsaro da magoya bayan 'yan siyasa da ke tsayawa a kansa mota tana gudu. Nauyin ƙarti uku da ke tsalle tare da mota ya ninka na mai takawa ya shiga, kuma ko ƙarfen ya jure, babu abin da zai tare mutumin idan aka taka birki. Ƙarfafa matakin ba ya mayar da wannan hawa ya zama mai aminci.

A wasu sababbin motoci akwai jakar iska ta gefe, wadda na'urarta ke auna yadda duka ya iso bodi. Ƙarfe mai tauri da aka gitta a gabanta yana iya sauya abin da na'urar ke ji, shi ya sa manyan kamfanoni ke gwada kayansu da kowane samfurin mota. Mai irin wannan mota ya duba littafinta kafin ya je rumfar walda.

Yawancin waɗannan motoci na hukumomi ne, wanda ke sa hannu a takardar saye kuma ba shi ke tuƙi ba. Takardar takan ce a sa mataki, ba kauri, ba wurin ɗauri. Layi uku za su gyara wannan: kaurin bango kada ya gaza milimita 3, ƙafafu a kafa su a shasi, sannan a yi gwaji kafin biyan kuɗi. Gwajin ba ya buƙatar komai sai jak. A tsayar da mota a wuri mai shafe, a ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyin ɗaya gefen, kowa ya janye daga ƙarƙashi. A kafa jak a tsakiyar ƙarfen, a ɗaga har tayoyin wannan gefe su fara sakin ƙasa. A duba ko tazarar da ke tsakanin ƙarfe da bodi ta rufe, a buɗe ƙofar gaba da ta baya a rufe. A sauke, a sake auna tazarar: idan ta ragu, ƙafafun sun lanƙwashe, sai a mayar wa mai walda ya ƙara tallafi a gindinsu.