Lidar: Na'urar da ke auna inda hazo da hayaƙi suke tsayawa a sama

Mazauna Bogo, Marwa da Garwa sun san yadda safiyar hunturu take: hayaƙin murhu da ƙurar hanya suna kwanciya a kan gari, sai rana ta ɗaga su watse. Dalilin haka yana cikin wani sashe na iska mafi kusa da ƙasa, wanda da Faransanci ake kira couche limite atmosphérique. A cikinsa ne ƙura, hayaƙi da tururin ruwa suke gauraya, kuma tsayinsa shi ne masana ke kira tsayin gaurayar iska.

Yadda tsayin yake sauyawa

Da dare ƙasa tana yin sanyi, iskar da ke kanta ta yi nauyi ta daina tashi. Sashen yakan takure zuwa 'yan ɗaruruwan mitoci ko ƙasa da haka, duk abin da aka ƙona ya taru a inda mutane ke numfashi. Da rana kuma ƙasa ta yi zafi, iska ta riƙa hawa, sashen ya buɗe zuwa kilomita 1 ko 2 a yawancin wurare. A hamadar Sahara lokacin zafi yakan kai kilomita 5 ko fiye. Hayaƙi iri ɗaya ya fi cutarwa da asuba fiye da azahar, domin wurin da zai bazu ya yi kaɗan. Garin da ke cikin kwari, kamar Garwa a bakin kogin Binuwai, ya fi fuskantar wannan.

Yadda lidar ke aiki

Na'urar tana harba hasken leza zuwa sama a gajerun walƙiya, sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. Ƙwayoyin ƙura suna maido da wani ɓangare na hasken, madubin na'urar ya kama shi. Tunda haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, lokacin da ya ɗauka ya je ya dawo shi ke nuna nisan abin da ya ci karo da shi. A cikin sashen gaurayar hasken yana dawowa da ƙarfi saboda yawan ƙura, a samansa kuma ya ragu farat ɗaya. Inda ya ragu ɗin nan ne ake ɗauka a matsayin rufin sashen.

Tsohuwar hanyar awo ita ce balan-balan mai ɗauke da ma'aunin zafi da laima, wanda akan saki sau ɗaya ko biyu a rana. Lidar kuwa tana aiki dare da rana ba tsayawa. Akwai ƙaramin samfurinta da filayen jiragen sama ke amfani da shi wajen auna tsayin gajimare, kuma shi ma yana iya wannan aiki.

Matsalar hunturu

Mafi yawan hazon da ke rufe arewacin Kamaru daga kwarin Bodele yake fitowa, a arewa maso gabashin Tafkin Cadi, inda iska ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi. Wannan ƙura ba ta tsayawa a sashen ƙasa kaɗai. Takan yi hawa-hawa, kuma hayaƙin ƙonen daji yakan zauna a samanta. Sai na'urar ta ga rufi biyu ko uku, har ta iya ɗaukar ragowar ƙurar jiya a matsayin rufin yau. Don haka masana kan haɗa sakamakonta da na balan-balan. Ba ta kuma gani sosai a mitocin da suka fi kusa da ita.

Inda aka gwada

A 2005 masu bincike sun yi zango a Bodele ƙarƙashin shirin BoDEx, suka tabbatar cewa ƙurar ta fi tashi da hantsi, lokacin da zafin rana ya sauko da iska mai ƙarfi da ta kwana a sama. A 2006, lokacin babban binciken daminar Afirka ta Yamma mai suna AMMA, an girke tashar awo ta Amurka mai ɗauke da lidar a Yamai har tsawon shekarar. A watan Afrilun 2006 Amurka da Faransa suka harba tauraron ɗan'adam CALIPSO, wanda ya auna ƙura daga sama har 2023. A watan Mayun 2024 Turai da Japan suka harba EarthCARE, shi ma da lidar.

Amfaninsa ga jama'a

Sanin tsayin gaurayar iska yana taimaka wa masu hasashen yanayi su faɗi lokacin da hazo zai hana jirgi sauka a Garwa ko Marwa. Yana da amfani ga ma'aikatan lafiya ma, domin arewacin Kamaru yana cikin yankin da sanƙarau ke ɓarkewa a rani, lokacin da busasshiyar iska da ƙura suka yawaita. Ga mai asma, tsoho ko jariri, sa'o'in da suka fi haɗari su ne daga magariba zuwa safiya. Wanda ya ƙona shara ko ciyawa a wannan lokaci, hayaƙin a unguwarsu zai kwana.