Dokar da ta Kashe Aikin Dole

Bahaushen da ya sauka a tashar Adjamé, ya ratsa Filato, ya haye gadar Houphouët-Boigny zuwa Treichville, ba lalle ne ya san abin da ya fara ɗaukaka mai wannan suna ba.

A Amurka, Shugaba Abraham Linkon ya yi shelar 'yanta bayi a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa. A Afirka ta Yamma kuwa, Faransa ta haramta bauta a 1905, amma ta bar ƙanwarta, wato aikin dole. Akan kwaso samari, musamman Mosawa, a kai su gonakin koko da kofi na Turawa, ko aikin hanyar jirgin ƙasa. Mutanen Nijar ma sun ɗanɗana wannan azaba.

A 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, manoman Kwaddibuwa suka kafa ƙungiya, Félix Houphouët ya shugabance ta. A 1945 aka zaɓe shi wakili a majalisar Faransa. Can ya tsaya kai da fata, har dokar hana aikin dole ta fito ranar 11 ga Afrilu, 1946. A wannan watan ne aka kafa jam'iyyarsa ta PDCI a Treichville.

Ya shugabanci ƙasar daga 1960 har rasuwarsa a 1993, an kuma soke shi kan mulkin jam'iyya ɗaya. Duk da haka, tun daga waccan doka, lebura da ƙafarsa yake zuwa Abijan, ya yi cinikin ladansa, in bai yi masa ba ya ƙara gaba.