Tagwaye bakwaini: daga kwalbar asibiti zuwa ɗakin uwa

Bakwaini shi ne jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37. Sunan daga “bakwai” ya fito, wato ɗan wata bakwai, amma a wurin likitoci har wanda ya zo cikin wata na takwas bakwaini ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an haifi jarirai sama da miliyan 13 kafin lokacinsu, kimanin ɗaya cikin goma ke nan. Ga tagwaye abin ya fi haka yawa, domin fiye da rabinsu ba su kaiwa mako 37. Afirka ta Yamma kuwa tana cikin yankunan da aka fi haihuwar tagwaye a duniya, shi ya sa ɗakunan jarirai na asibitocin Nijar ba su rabuwa da Hasan da Usaini ko Hasana da Usaina.

Rukunin bakwaini

Likitoci sun kasa bakwaini gida uku: wanda aka haifa kafin mako 28, wanda ya zo tsakanin mako 28 da 32, sai wanda ya zo tsakanin mako 32 da 37. Na ƙarshen su ne suka fi yawa, kuma mafi yawansu suna rayuwa idan sun samu ɗumi, nono da tsafta. Ana kuma duba nauyi: duk jaririn da bai kai kilo 2 da rabi ba, ana lissafa shi cikin masu ƙarancin nauyi. Sau da yawa tagwaye ba su zuwa daidai, ɗaya yakan fi ɗan'uwansa nauyi da ƙarfi.

Kafin haihuwa

Ban da cikin tagwaye kansa, akwai abubuwan da ke kawo naƙuda da wuri: masassarar cizon sauro, ƙarancin jini, hawan jini, cutar mafitsara ko ta gaba, ciki a ƙananan shekaru, da haihuwa kusa-kusa. A wurin awon ciki ake gano yawancinsu, a nan ne kuma ake ba da maganin ƙarin jini da na rigakafin masassara. Hoton ciki da ake kira eko shi ke tabbatar da cewa biyu ne.

Mai cikin tagwaye ba ta haihuwa a gida. Da zarar ta ga ruwa ya fashe, ko jini, ko ciwon mara mai zuwa yana komawa, sai a nufi likita. Idan cikin bai kai mako 34 ba, akwai allurar da ake yi wa uwa don huhun jariran ya yi ƙwari, kuma ta fi amfani idan ta samu yini ɗaya ko biyu kafin haihuwa. Daga CSI akan tura mace asibitin gunduma, ko cibiyar lafiyar uwa da yaro, CSME, da ke manyan biranen jihohi kamar Maraɗi, Damagaram da Tawa. A Yamai akwai babban gidan haihuwa na Issaka Gazobi. Ya fi sauƙi a kai jariran asibiti suna cikin uwarsu da a ɗauko su bayan sun faɗo.

Abin da ake yi a ɗakin jarirai

Abu huɗu ke barazana ga bakwaini: sanyi, numfashi, abinci da ƙwayoyin cuta. Kowace na'ura da iyaye za su gani a ɗakin, ɗaya daga cikin waɗannan take yaƙa.

Kwalba, wato akwatin nan mai ɗumi, tana riƙe zafin jikin jariri tsakanin digiri 36 da rabi zuwa 37 da rabi, domin ba shi da kitsen da zai tsare masa ɗumi. Ƴan bututun da ke bakin hanci iskar oksijan suke ba shi, wani lokaci da ɗan matsi don kada huhu ya rufe. Bakwaini yakan tsaya da numfashi na ɗan lokaci, akwai kuma maganin da ake ba shi don hakan. Siririn tiyon da ake zurawa ta hanci ko ta baki zuwa ciki na nono ne, domin jariri ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi sai wajen mako 32 zuwa 34. Fitila mai shuɗin haske ta shawara ce, ana rufe idanun jaririn yayin da yake ƙarƙashinta. Dokar wanke hannu da taƙaita masu shiga kuwa don tsare su daga cuta ce.

A makon farko jarirai kan rage nauyi, su maido shi wajen mako na biyu ko na uku. Wannan ba abin tsoro ba ne. Iyaye suna da damar tambayar ma'aikata nauyin kowane jariri, yawan nonon da yake sha, da amfanin maganin da ake ba shi. Tun 2006 dokar Nijar ta sa kulawa da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocin gwamnati, sai dai dangi su yi tanadin abinci, sufuri da abin da ba a rasa ba na zaman jinya, wanda kan kai makonni.

Goyon ƙirji

A shekarar 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, wani likita mai suna Edgar Rey ya rasa isassun kwalabe, sai ya fara ɗora jariran a ƙirjin uwayensu. Daga nan aka samu abin da ake kira kangaru. Ana tuɓe jariri, a bar masa hula, safa da ƙyallen tsuguno, a kwantar da shi tsaye tsakanin nonon uwa, fata na taɓa fata, kansa ya juya gefe, a ɗaure da zane.

Wani bincike da aka yi a Gana, Najeriya, Malawi, Tanzaniya da Indiya, aka fitar a 2021, ya nuna cewa fara kangaru tun daga haihuwa ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa ƙasa da giram 1800 da kashi 25 cikin 100. A 2022 OMS ta ba da shawarar a fara shi nan take, a kuma yi shi awa 8 zuwa 24 a yini. Ba ya buƙatar wutar lantarki.

Ƙananan tagwaye suna iya shiga ƙirji ɗaya, amma uwa ita kaɗai ba ta iya jure wannan dare da rana, balle wadda aka yi wa aiki. Ana buƙatar ƙirji na biyu. Kaka, inna, gwaggo, kishiya ko uban kansa, duk mai lafiya da tsaftar jiki zai iya. Bambancinsa da goyon da aka saba shi ne a gaba ake yin sa, kuma ba tufa a tsakani.

Nono

Dakashi, nonon farko mai kauri da wasu ke zubarwa, shi ne rigakafin farko na jariri. Idan jariran ba su iya tsotso ba, uwa ta fara tatsa tun a awannin farko, aƙalla sau 8 a yini har da dare, a ba su ta tiyo ko da ɗan kofi mai tsafta. Nono gwargwadon janye shi yake zuwa, don haka mace ɗaya tana iya shayar da biyu idan tana ci tana sha tana hutawa. Bakwaini yana da yawan barci, sai a tashe shi duk bayan awa 2 zuwa 3. A riƙa sauya musu nono, don mai ƙarfin tsotso ya jawo wa ɗan'uwansa. Ba ruwa, ba rubutu, ba zuma, ba madarar dabba. Madarar gwangwani sai da umurnin likita.

Komawa gida

Ana sallama idan jariri yana numfashi da kansa, yana shan nono, yana ƙara nauyi kullum, jikinsa kuma yana riƙe ɗumi. Yakan faru a sallami ɗaya a bar ɗaya. Dangi su shirya wa wannan tun da wuri: wa zai kwana a asibiti, wa zai kai nonon da aka tatsa.

A gida ake ci gaba da kangaru har jariri ya kai wajen kilo 2 da rabi, ko ya fara ƙin zama a ƙirji. Sanyin hunturu, musamman na asuba, yana iya kashe bakwaini. Ba a gaggauta yi masa wanka, shafa da tsumma mai ɗumi ya isa. Kada a sa toka, man shanu ko wani haɗi a cibiya. Hayaƙin itace da turaren wuta suna cutar da huhunsa. A kwantar da kowanne rigingine cikin gidan sauro.

Tagwaye suna jawo ƴan barka. Ana iya raɗa suna a yanka raguna ranar bakwai ba tare da an fito da jariran ko an bi da su hannu-hannu ba. Aski ya jira har su yi ƙwari. Cire beli da tsagar wanzami suna jawo zubar jini da shigar cuta, likitoci kuma sun hana. Mai mura ko tari ya yi barkarsa daga bakin ƙofa.

Alamomin da ba su jiran safiya

A koma likita nan take, da jariri a ƙirji, idan ya ƙi nono, jikinsa ya yi sanyi ko zafi, numfashinsa ya wuce 60 a minti ɗaya, ƙirjinsa na lotsawa, yana nishi ko ɗauke numfashi, yana fizge-fizge, ya yi laƙwas, tafin hannu da na ƙafa sun yi rawaya, ko cibiya ta yi ja tana fitar da mugunya. Idan ɗaya ya kamu, a kai su duka biyu a duba.

Girma da rigakafi

Rigakafi daga ranar haihuwa ake lissafa shi: mako 6, mako 10 da mako 14, kamar kowane yaro. Girma kuwa ana cire masa makonnin da suka rage wa ciki. Wanda aka haifa a mako 32, idan ya kai wata 6 ana kwatanta shi da ɗan wata 4, kuma haka ake yi har ya shekara 2. Waɗanda aka haifa da wuri sosai ko suka daɗe a kan oksijan suna buƙatar awon ido da na kunne.

Ita ma mai jego a sa mata ido. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego. Kumburin ƙafa, haki, zubar jini ko ciwon kai mai tsanani duk na likita ne. Haka nan idan ta shafe makonni cikin kuka, rashin barci da ganin laifin kanta, wannan ciwo ne mai magani. A raba mata aikin gida da tashin dare, a kuma ajiye karnen lafiya na kowane jariri daban, a riƙa zuwa da su duk ranar awo.