Tsatsar da ta cinye kofin Silon

Wanda ya zauna a teburin mai shayi ya ce a sa masa Lipton, da wuya ya kawo a ransa cewa sunan yana da alaƙa da wata cutar ganye. Amma a 1890, lokacin da Thomas Lipton, ɗan kasuwa daga birnin Gilasgo, ya sauka a tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, gandayen da ya saya da araha suna cikin ƙasar da kofi ya mutu ya bari. Shekara 20 kafin zuwansa, Silon tana cikin manyan masu sayar wa duniya kofi, tana fitar da kimanin tan dubu 45 a shekara. Abin da ya rusa wannan arziki wata fumfuna ce da ƙwayarta ba ta ganuwa sai da madubin likita.

Asalin kofin Arabika dazukan tsaunukan Habasha ne. A dazukan gabashin Afirka itacen kofi da fumfunar sun daɗe tare, ba tare da ɗaya ya ga bayan ɗaya ba, domin itatuwan a warwatse suke cikin wasu itatuwa, kuma jininsu ya bambanta. Da aka ƙetara da kofi zuwa Yaman aka fara nomansa, cutar ba ta samu wurin zama ba saboda bushewar ƙasar. Daga Yaman ne iri ya bazu: ya shiga Indiya, 'yan Holan suka kai shi tsibirin Java a ƙarshen ƙarni na 17, aka kai tsiro birnin Amsterdam a 1706, daga zuriyarsa aka yi wa Sarkin Faransa kyauta a 1714, daga nan ya haye teku zuwa nahiyar Amurka. Ke nan kofin da duniya ta noma ƙarni biyu ya fito ne daga 'yan tsirarun itatuwa, kusan uwa ɗaya uba ɗaya, kuma babu wanda ya taɓa karo da tsatsa a cikinsu.

Ingila ta ci masarautar Kandi da ke tsakiyar Silon a 1815. Dokar filaye ta 1840 ta mayar da dazukan tsaunuka mallakar gwamnati, aka yi ta sayar da su ga Turawa a kan kuɗi kaɗan. Suka sare daji, suka ƙona, suka dasa kofi layi-layi daga gindin tudu zuwa ƙolinsa, babu inuwa, babu shingen itatuwa mai tare iska. Leburori kuwa Tamilawa ne da ake kwasowa daga kudancin Indiya. Manoman ƙauye na ƙabilar Sinhala su ma suka dasa nasu a bayan gida.

A 1869 aka ga wani gari ruwan lemo a bayan ganyen kofi a yankin Madulsima. Shugaban lambun binciken tsirrai na Peradeniya, George Thwaites, ya aika da ganyen Ingila wurin Miles Berkeley, limamin coci kuma masanin fumfuna. Berkeley da abokin aikinsa Broome suka raɗa mata suna Hemileia vastatrix. Kalmar farko tana nufin rabinta santsi, domin gefe ɗaya na ƙwayar sumul yake, ɗayan kuma da kaushi. Ta biyu tana nufin mai ɓarna. Berkeley ya ba da shawarar a yi gaggawar sa farar wuta tun abin bai bazu ba. Masu gandu ba su ɗauki maganar da nauyi ba. Farashin kofi yana sama, ganyen da ya zube yana sake tohowa, wanda amfaninsa ya ragu sai ya ƙara sare daji ya cike giɓin. Sai da aka shekara 10 gwamnati ta nemi masani.

Wanda aka turo a 1880 saurayi ne ɗan shekara 25 zuwa 26, Harry Marshall Ward. Cikin shekara biyu ya bi rayuwar fumfunar daki-daki, kuma abin da ya gano shi ne ginshiƙin abin da aka sani har yau.

Garin nan ruwan lemo tarin ƙwayoyin iri ne. Iska da fantsamar ruwan sama ke ɗaukarsu daga ganye zuwa ganye. Ward ya tabbatar da aikin iska ta hanyar rataya ƙananan gilasai masu danƙo a cikin gandu, ya dawo ya ƙirga abin da ya maƙale. Ƙwayar da ta faɗa saman ganye ta yi asara, domin ƙofofin numfashin ganyen kofi a bayansa suke. Wadda ta dace da baya ma ba ta motsi sai ta samu ɗigon ruwa ya kwanta a kanta na sa'o'i, raɓa ko ruwan sama. Damshin iska kawai bai isa ba. Ta fi son duhu da ɗumi matsakaici, tsakanin digiri 21 da 25. Idan waɗannan suka haɗu, sai ta fitar da siririn zare yana laluben fatar ganye har ya tarar da ƙofar numfashi. A bakin ƙofar zaren yakan kumbura ya manne, sannan ya zura kai ciki.

Da zarar ta shiga, ta fi ƙarfin ruwa da rana da maganin da aka yayyafa a waje. Zarenta yana ratsawa tsakanin ƙwayoyin halittar ganye, yana cusa wa kowace ɗan bakin tsotso. Ba ta kashe ƙwayar nan take, domin ba ta iya rayuwa sai a kan nama mai rai. Tana barinta ta ci gaba da haɗa abinci, ita kuma tana zuƙewa. Makonni suna wucewa manomi bai ga komai ba, sai daga baya ɗigo rawaya ya bayyana. Bayan mako 3 zuwa 6 da shiga, fumfunar takan fito da sabbin ƙwayoyi ta cikin ƙofofin numfashin, ba tare da ta yage fatar ganye ba. Tabo ɗaya yana iya zubar da ƙwayoyi dubu 300 ko fiye a cikin 'yan watanni.

Illar tana zuwa ne a hankali. Ganyen da ya kamu yana zubewa tun lokacinsa bai yi ba. Itacen da ke ɗauke da 'ya'ya yakan juya abincin da ya ajiye zuwa gare su, rassa su bushe daga baki. Kofi kuwa yana haihuwa ne a kan reshen da ya tsiro bara, saboda haka tsatsar bana amfanin baɗi take ci. Itacen da ya fi 'ya'ya shi ya fi kamuwa. Wannan ne ya ruɗi masu gandu: shekara ta yi muni, ta gaba ta ɗan farfaɗo, su ce cuta ta wuce, alhali kowane zagaye yana barin itacen da rauni fiye da na baya.

Ward ya nuna cewa lokacin da za a iya kashe ta ɗan taƙi ne, tsakanin tsirowar ƙwaya da shigarta ƙofa, kuma haɗin farar wuta da farar ƙasa yana aiki idan an sa shi a kan kari. Amma yayyafa shi a bayan kowane ganye, a kan tsaunuka, cikin ruwan damina mai wanke komai, ya fi ƙarfin aljihun kowa. Ya kuma faɗi maganar da ba a so ji ba, cewa shimfiɗa iri ɗaya a kan ƙasa mai faɗi haka, bayan an sare dajin da ke tare iska, shi ne ya ba cutar fili. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙarshen ya zo da sauri. Bankin Oriental, wanda ya zuba bashi a gandaye, ya durƙushe a 1884. Wasu masu gandu suka gwada itacen da ake samun kwinin daga ɓawonsa, farashinsa ya faɗi. Mafita ta fito daga gwajin da James Taylor ya fara a 1867, lokacin da ya dasa shayi eka 19 a gandun Loolecondera. Kafin 1890 kofin da Silon ke fitarwa ya zama ɗan guntun abin da take fitarwa a da, shayi ya hau tsaunuka. Ana yawan cewa tsatsa ce ta koya wa mutanen Ingila shan shayi; ba haka ba ne, sun daɗe suna shan na Sin. Abin da ta canza shi ne inda ake noma shi. Bature mai jari ya sauya shuka. Manomin ƙauye kuwa, wanda da kuɗin kofi yake biyan harajin shinkafa, ba shi da jarin kafa masana'antar shayi, kuma gwamnati ta yi gwanjon gonakin da yawa daga cikinsu kafin a soke harajin a 1892.

Cutar ta bi Sumatara da Java da Filifin. 'Yan Holan suka koma ga Robusta, kofin Afirka mai jure tsatsa amma mai ɗaci. Ta ratsa Afirka ta Yamma a tsakiyar ƙarni na 20, aka gan ta a jihar Bahiya ta Birazil a 1970, ta isa Kolombiya a 1983. A wannan karo an shirya mata. Akwai feshin jan ƙarfe, akwai kuma wani itace da aka tsinta a tsibirin Timor, barbarar Arabika da Robusta da ta faru da kanta. Cibiyar binciken tsatsar kofi da Fotugal ta kafa a Oeiras a 1955 ta rarraba zuriyarsa, daga ciki Kolombiya ta fitar da irinta mai jurewa a 1982, sannan Castillo a 2005.

Duk da haka annoba ta dawo. A Kolombiya daga 2008, taki ya yi tsada, ruwa ya yi yawa, amfani ya faɗi daga buhu miliyan 12 da ɗoriya a 2007 zuwa ƙasa da miliyan 8 a 2009. A 2012 ta faɗa wa Amurka ta Tsakiya, inda itatuwa suka tsufa, farashi ya karye, manoma suka rage taki da feshi, ɗumin dare kuma ya ba ta damar hawa tuddan da sanyi ke kare su a da. Gwatamala ta ayyana dokar ta-ɓaci a Fabrairun 2013. Dubun-dubatar masu tsinkar kofi suka rasa aiki. Irin Lempira da Honduras ta dogara da shi ya rasa juriyarsa, aka tabbatar da haka a 2017, domin fumfunar tana da launuka sama da 50 kuma tana ƙara sababbi.

Hanyar da ƙwayar ke bi ta shiga ganye ba ta canza ba tun zamanin Ward: ɗigon ruwa, duhun dare, ƙofar numfashi. Abin da ke mayar da ita annoba yana hannun mutane: iri nawa aka dasa, wace inuwa aka bari, da ko farashin bara ya bar wa manomi kuɗin taki da feshin bana.