cs2cs

cs2cs (suna, mace): ƙaramar manhaja ce daga tarin PROJ mai juya lambobin wuri daga wani tsarin taswira zuwa wani. Ba ta da hoto ko maɓallin latsawa, umarni ake rubuta mata.

Safiyon da ya auna gona a Birchi, cikin Ƙaramar Hukumar Kurfi, GPS ɗinsa digirin WGS 84 yake bayarwa. Tsofaffin taswirorin Najeriya kuwa a ma'aunin Minna aka zana su, kuma tazarar da ke tsakani takan kai mita gommai, abin da ya isa ya tayar da rikicin iyaka. Sai ya rubuta *cs2cs EPSG:4326 EPSG:26332*, ya fara shigar da latitud, amsa ta fito cikin mita, a shiyyar UTM ta 32.