Daga Caji Ofis Zuwa Gaban Alƙali: Tarihin Wa'adin Tsare Wanda Aka Kama

Idan aka kama mutum a Nijeriya, tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya matuƙar akwai kotun da ke da hurumin sauraron ƙarar a tazarar da ba ta wuce kilomita 40 ba. In babu, kwana biyu ne, ko abin da kotu ta ga ya dace. Wannan lissafi na sashe na 35 yana da dogon asali.

A Ingila aka kafa tushensa. A 1215 manyan ƙasar suka tilasta wa Sarki John sa hatimi a yarjejeniyar Magna Carta, wadda ta hana ɗaure mutum mai 'yanci sai bisa shari'a, amma ba ta faɗi kwana nawa ba. Sarakuna kuwa suka ci gaba da abin da suka saba. A 1627 Sarki Charles na Farko ya kulle wasu dattawa da suka ƙi ba shi rancen dole. Biyar daga cikinsu suka kai kuka kotu, alƙalai suka bar su a tsare saboda umarnin sarki ne.

Sai a 1679 majalisa ta yi dokar Habeas Corpus, ta sa wa yari wa'adi. Da zarar umarnin alƙali ya iso, ya kawo ɗaurarre cikin kwana 3 idan nisan bai wuce mil 20 ba, kwana 10 idan bai wuce mil 100 ba, kwana 20 idan ya zarce haka. Wanda ya ƙi, a ci shi tarar fam 100. Auna wa'adi da nisan hanya tsohuwar dabara ce tun zamanin doki.

Haƙƙin ya shiga tsarin mulkin Nijeriya na 1960 bayan shawarar kwamitin Willink, wanda ya binciki fargabar ƙananan ƙabilu. A lokacin cewa kawai aka yi kada a yi jinkiri. Tsarin mulkin 1979 ne ya ƙayyade kwanaki da kilomita. Bai daɗe ba soja suka dawo: Doka ta 2 ta 1984 ta ba da damar tsare mutum wata uku ba tare da shari'a ba, a kuma sabunta, kotu ba ta da ta cewa. Ba a soke ta ba sai 1999.

Da farar hula suka karɓi mulki, wata ƙofar ta kasance a buɗe. 'Yan sanda kan kai wanda ake zargi da kisa ko fashi gaban majistaren da ba shi da hurumin shari'ar, shi kuma ya tura shi gidan yari jiran shawarar ma'aikatar shari'a. An cika wa'adi a takarda, mutum kuwa ya shekara a kulle. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta taƙaita irin wannan tsarewa zuwa kwana 14 a karon farko, ba a ƙarawa sai an gamsar da kotu, ta kuma wajabta wa majistare duba caji ofis kowane wata.

Duk da haka, masu jiran shari'a sun fi waɗanda aka yanke wa hukunci yawa a gidajen yarin ƙasar. Saboda haka idan aka kama naka, rubuta rana da sa'ar da aka kama shi, ka nemi lauya tun wa'adin bai cika ba.