Rabon Horon Gagararren Yaro Tsakanin Uwa da Uba a Gidajen Iyakar Bagudo

A Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, mai iyaka da Jamhuriyar Benin, sana'a kan raba magidanta da gidajensu. Ɗan kasuwa na bin hanyar Tsamiya zuwa Segbana, ko ta Lolo zuwa Malanville, masunci na kwana bisa Kogin Kwara, makiyayi na bin shanu. Hujjar wannan maƙala ita ce, a irin waɗannan gidaje rabuwar kan iyaye ta fi ƙarancin bulala gagarar da yaro mai taurin kai.

Uwa ke wuni da yaro, amma hukunci na hannun uba, don haka makaminta shi ne "bari babanka ya dawo". Kafin ya dawo laifin ya tsufa, uwa kuma ta nuna wa ɗanta cewa maganarta ba ta yanke komai. In maigida ya iso da tsaraba ya ce a ƙyale yaro, abin ya ƙara lalacewa. Gerald Patterson, masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, ya nuna a littafinsa na 1982 cewa duk sanda kuka ko bijirewa suka sa iyaye janyewa, yaro na koyon maimaita su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kunyar ɗan fari, wadda Hausawa da Fulani suka yi tarayya a cikinta, takan faɗaɗa tsagar, domin iyaye kan sakar wa kakanni ragama, kaka kuwa abokiyar wasan jika ce.

Wasu na cewa bai wa uwa ikon hukunci na rage ƙwarjinin maigida. Fiƙihun Malikiyya bai tafi a kan haka ba: reno haƙƙin uwa ne, Muhtasar na Shaihu Halilu kuma ya bar wa uba haƙƙin ladabtarwa da kai yaro makaranta ko da yana hannun uwarsa. Nauyin na mutum biyu ne. A ƙetaren iyaka ma, dokar yara ta Benin ta 2015 ta haramta dukan yaro har a cikin gida, don haka bulala ba ta zama madogara ga dangin da ke zaune ɓangarorin biyu.

Abin da ya kamata shi ne iyaye su daidaita kan ƙa'ida kafin uba ya yi tafiya, uwa ta zartar nan take, shi kuma ya tabbatar ta waya. Saɓaninsu su warware shi a ɗaka, bayan idon yaro.